Muhawara: Sai an yi ruwa ake kama koho a kogin Vedder?

Malam Sani: Assalamu alaikum jama'a. Kaka ta kama, ga maganata a fili: duk wanda ya ɗauki fatsa ya nufi kogin Vedder da ke Chilliwack a lardin British Columbia na Kanada neman koho, wani nau'in kifin salmon, kafin ruwan sama mai ƙarfi na farko ya sauka a Oktoba, man motarsa kawai ya ƙona. Hasashen da hukumar kifi ta Kanada ke fitarwa tun farkon shekara ba ya sa kifi cin ƙugiya. In kogi ya janye, ruwa ya yi garau har kana ƙirga tsakuwar ƙasa, koho yana tsayawa ne a Fraser, babban kogin da yake biyowa daga teku, yana jira. Wanda ya shigo kuma sai ya lafe a gurbi mai zurfi ya rufe baki. Ku tuna kakar 2022 da aka kai tsakiyar Oktoba ba ruwa: a rafin Neekas kusa da garin Bella Bella a gaɓar tekun lardin, dubban kifin salmon suka mutu ba su zuba ƙwai ba. Mai ja ya ja.

Injiniya Kabiru: Wa alaikumus salam Malam. Ina da ja. Ruwan sama hanya yake buɗewa, ba ya haifar da kifi. Koho shekara 3 yake yi: ya fi shekara guda a rafi yana ƙarami, sannan kamar wata 18 a teku. To abin da zai dawo bana an riga an yanke shi tun lokacin da ya shiga teku yana ɗan tsaki, ko ya sami abinci ko bai samu ba. A 2015, lokacin da ruwan tekun Pasifik ya ɗumama fiye da ƙima, koho ya dawo kogunan jihar Washington ta Amurka ɗan kaɗan kuma a rame, har aka taƙaita kamunsa sosai a 2016. An yi ruwan sama a waɗannan shekarun, me ya tsinana?

Malam Sani: Ai ka ba ni makami, Injiniya. Kifin da ya dawo a 2015 ya gaza hasashen nesa ba kusa ba. Ka ga ke nan takardar hasashen ma ba abin dogaro ba ce.

Injiniya Kabiru: Na yarda hasashe yana kuskure. Amma kuskurensa daga teku ya zo, ba daga hadari ba.

Hajiya Bilki: Ku biyun kuna cewa "ruwa" kamar abu ɗaya ne. Malam Sani, wane ruwan? Ranar da kogi ke hawa ba ranar kamu ba ce. Akwai gangaren laka a can sama, da zarar an tafka ruwa sai Vedder ya koma kamar kunu, ganyaye da ƙirare na bin igiyar fatsa, kifi kuma yana wucewa a guje ba ya kallon komai. Lokacin da ake nema shi ne sa'ad da ya fara sauka, kwana 1 ko 2 bayan an ɗauke, launinsa ya koma kore-kore. Ma'aunin ruwa na Vedder Crossing yana intanet, kowa na iya dubawa kafin ya fito: layin da ke nuna tsayin ruwa ya kai ƙololuwa ya fara lanƙwasowa, to a ɗaura shiri. A bakin kogi kuwa gwajin mai sauƙi ne. Ka shiga har gwiwa, in kana hango takalminka dishi-dishi, ruwan ya yi. In ba ka ganin sa sam, koma gida.

Kuma kowa ya san abin da ruwa ya yi a tsakiyar Nuwamban 2021, da ya shanye filin Sumas a Abbotsford. Ambaliya irin wannan tana kwashe tsakuwar da kifi ya binne ƙwai a ciki. Mai addu'ar ruwa ya riƙa faɗin adadi.

Ɗanlami: Yaya Sani, da girmanka, amma ana kama koho a busasshen kogi. Kayan ne ake canzawa, kuma a nan mutane ke faɗuwa. Suna zuwa da shirin ruwa mai yawa, dalma kamar ta jan jirgi, su jefa ta fanjam a kan kifin da ya riga ya tsorata. Ga yadda ake yi. Totuwar fatsa, wato ɗan abin da ke shawagi a sama, a rage ta zuwa giram 10 ko 15 maimakon 25. Zaren ƙarshe, wanda ake ɗaura wa ƙugiya, a sa siriri marar ƙyalli mai ɗaukar kilo 4, tsawonsa santimita 40. Ƙugiya ƙarama, lamba 2 ko 4. Ƙwan kifi da aka gyara a ɗaura ɗan dunƙule kamar ƙwayar gurjiya, kada ya fi haka. Sannan lokaci: daga sanda gari ya fara wayewa zuwa kamar awa 1. Rana na taɓa ruwa an gama. A can ƙasa wajen magudanar da aka haƙa kafin a haɗu da kogin Sumas, cikar teku tana turo ruwan Fraser, sababbin kifaye kan biyo ta ko da ba a yi yayyafi ba. Waɗannan ba su taɓa ganin ƙugiya ba, su ne masu ci.

Malam Sani: Awa 1 a yini, Ɗanlami. Mutum ya taso daga Vancouver cikin dare don awa 1. Ai maganata ka tabbatar.

Ɗanlami: Cewa ka yi ba a kamawa, Yaya. Ba ka ce da wuya ba.

Baba Audu: Yara, kun manta da cam, ɗan'uwan koho a cikin kifayen salmon. Shi ba ya wannan yangar. Daga tsakiyar Oktoba har cikin Nuwamba yana cika kogunan Vedder da Harrison da Stave ƙasan madatsar Ruskin, ruwa garau ko gurɓatacce yana kai cizo. Ƙugiya mai kan dalma da gashi ruwan hoda ko shunayya, a saƙala ɗan guntun jatan lande, a rataya ta ƙarƙashin totuwa ta riƙa tafiya kamar kamu 2 sama da ƙasan kogi. Sai dai a ƙara ƙarfin zare zuwa mai ɗaukar kilo 7 ko 9, don kifi ne mai kilo 5 zuwa 7, kuma namijin yana da haƙora irin na kare, suna gurje zare. Bayan kowane kifi a shafa zaren da yatsa, in an ji kaushi a sake.

Injiniya Kabiru: Baba, a kan cam ɗin ma lissafi ya fi tasiri. Shi da ya ƙyanƙyashe yake gangarawa teku, ya dawo bayan shekara 3 zuwa 5, galibi 4. Hukuma tana jefa ragar gwaji a Albion kan Fraser tana auna masu shigowa, burinta 800,000 su wuce su zuba ƙwai. In alƙaluma suka nuna ba za a kai ba, sai a hana ɗaukar cam ana tsakiyar kaka, kuma an sha yin haka. Kogi na iya yin kyau yadda Hajiya ta kwatanta, a ce maka saki.

Malam Sani: Ko ba a hana ba wa zai ɗauka? Nama fari fat, laushi kamar auduga.

Hajiya Bilki: Wannan kuma rashin iya zaɓe ne, Malam. Wanda ya daɗe a kogi, jikinsa ya yi zane-zanen shunayya da kore masu duhu, ciki ya yi toka-toka, shi ne auduga, a bar shi ya je ya yi abin da ya kawo shi. Sabon shigowa cikinsa fari ne, zanen bai fito sosai ba, naman da tauri. A yanka wajen numfashinsa nan take jini ya tsiyaye a ruwa, a fasa ciki, a sa ƙanƙara. Kitsensa kaɗan ne, shi ya sa yake bushewa a gashi, amma a banda ba shi da laifi: a jiƙa shi a ruwan gishiri da sukari kwana guda, a shanya har fatar naman ta yi danƙo, sannan hayaƙi a wuta marar ƙarfi. Duk wanda ya san bandar tarwaɗa ya san aikin. Ƙwan macen kuwa manya ne, Japanawa na sayen su da tsada.

Baba Audu: Tunda an zo kan ɗauka, a kiyaye doka, tara ba ta san baƙo ba. Lasin ruwan daɗi na lardin da hatimin salmon a kansa. Ƙugiya ɗaya marar kunne, in tana da shi a matse da filaya. A cikin koho, na gidan ƙyanƙyasa kaɗai ake ɗauka, alamarsa an yanke ɗan fiffiken tsoka da ke bayansa kusa da wutsiya, wurin ya warke. Mai fiffike na daji ne, a sake shi ba tare da an ja shi kan tsakuwa ba. Ga tarko: sokayi na tafkin Cultus, wani nau'in salmon da ke gab da ƙarewa, shi ma ana yanke wa na ƙyanƙyasarsa fiffiken, kuma haramun ne ɗaukarsa. A duba baya da wutsiya. Koho yana da ɗige-ɗige baƙaƙe a baya da saman wutsiya, dasashinsa fari. Sokayi ba ɗigo ko ɗaya.

Ɗanlami: A ƙara da masu zaren ƙarshe mita 3, Baba. Suna jan shi a ƙasa ya ratsa bakin kifin da ke numfashi, ƙugiya ta caki gefen muƙamuƙi daga waje, su ce ya ci. A ƙarancin ruwa suka fi yawa, kuma su ne ke firgita gurbi gaba ɗaya.

Malam Sani: To ka gani? Wani dalilin jiran ruwa ke nan.

Hajiya Bilki: Ka jira, Malam, amma ka duba sanarwar hukuma da ma'aunin Vedder Crossing a daren da za ka fito. Ranar da layin ya lanƙwaso kowa ya gani, ƙarfe 5 na asuba wurin ajiye mota ya cika.