Dan Allah masu dakon gungumen itace ku ba ni shawara, an min tayin mota

Direban Bajoga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni direba ne, siminti nake ɗauka daga Ashaka, in kaka ta yi kuma in yi masara da wake daga Kumo. Yanzu wani Alhaji mai sana'ar katako a nan Gombe ya min tayin in karɓi babbar motarshi ƙirar DAF in riƙa ɗauko mishi gungume da katako daga ɓangaren Taraba, wajen Bali da Serti, wani lokaci har saman Mambila inda ake yankan zaiti. Kuɗin da ya faɗa gaskiya ya fi wanda nake samu, ga iyali ga kuɗin makarantar yara, amma hankalina bai kwanta ba saboda direban da ke riƙe da motar kafin ni yana kwance yanzu haka da karaya a ƙafa, kuma ba a kan titi abin ya same shi ba, wajen sauke kaya ne a somil, wato inda ake tsaga katako. To waɗanda suka san aikin nan ku faɗa min tsakani da Allah, ina haɗarin yake? Me zan duba a jikin motar, me kuma zan ce wa mai motar ya tanada kafin in karɓi makulli? Ban san daji ba, kwalta na sani.

Baba Mai Roka:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka yi hankali da ka tambaya kafin ka hau. Buhun siminti inda ka aje shi nan zai kwana, gungume kuwa mulmulalle ne, kullum hanyar gangarawa yake nema, kuma guda ɗaya na ɗanyen maɗaci ko kawo ko madobiya sai ya kai nauyin da mutum goma ba sa ɗaga shi. Shi ya sa mu da muka tsufa a aikin nan mun fi tsoron wajen lodi da wajen sauke kaya a kan hanyar kanta.

Ka fara da jikin motar. Dole a samu garkuwar ƙarfe mai kauri a bayan kan mota, tsakaninka da kaya, don in ka taka birki da ƙarfi itacen gaba yake zuwa, in babu abin da zai tare shi ta bayanka zai shigo. Sai turakun gefe, ka duba waldarsu ɗaya bayan ɗaya, wanda ya tsage ko aka yi wa ɗori da sandar itace kar ka yarda da shi. Wajen lodi manya a ƙasa, ƙanana a sama, a riƙa juya gindi da kai don nauyi ya rabu, kuma na gefe kar ya wuce tsayin turaku ko da mai kaya zai yi fushi. Kai kuma lokacin da ake lodi ka kashe mota, ka sa weji ka tokare tayoyi, ka sauko ka tsaya nesa inda masu lodi ke ganinka. A dajin can yawanci ba injin ɗaga kaya, sanduna ake jinginawa jikin bodi a riƙa turo gungumen sama da igiya da ƙarfin samari, to duk wanda ya tsaya ta ƙasan gangaren nan in igiya ta tsinke shi kenan sai dai wani ikon Allah. Yaron motarka ma ka hana shi shiga wajen, yara ba sa jin tsoro, kai ne za ka ji musu.

Sarƙa kuma aƙalla biyu a kowane jeri, in dogo ne uku, kuma in kun tashi kar ka yi nisa, ka tsaya ka sake tamkewa, saboda girgizar hanyar daji tana sa itace ya zauna, sarƙar da ka bari tana ƙara in ka buga ta sai ka tarar ta saki. Kafin ka hau kwalta ka sake dubawa. Ƙarfen nan da ake ja a tamke sarƙa, yara suna zura mishi bututu don ƙarin ƙarfi, in ya kufce haɓa yake nema ko haƙora, ka tsaya ta gefensa, kar fuskarka ta zama a saitinsa.

Yanzu inda abokin aikin naka ya samu rauni. Tafiya daga Bali zuwa Jalingo, Numan, Cham, Kaltungo, Billiri har Gombe, kayan sun motsa ba iyaka, wani gungumen ba abin da ke riƙe da shi sai sarƙar nan kaɗai. Mutum ya iso a gajiye yana so ya sauke ya je gida, ya tsaya a gefen bodi ya ɓalle sarƙa, sai na sama ya biyo shi. Kafin ka taɓa komai ka zagaya motar ka ɗaga kai ka duba, in akwai wanda ya karkata ko ya hau kan turke kar ka kwance sai an tokare shi ko an ɗaure da wata igiya ta daban. Motar ta tsaya a wuri mai daidai, a kori 'yan kallo da masu talla, kuma ka san inda za ka gudu kafin ka ɓalle, ta wajen kai ko ƙarshen mota, ba ta gefen da kaya zai zubo ba. In mai somil yana maka ihu wai akwai wata mota a baya, ka bar shi ya yi ta yi.

Usta na Tashar Dukku:
Baba ya gama magana a kan kaya, ni bari in yi ta birki tunda ka ambaci Mambila. Gangaren nan daga sama zuwa Mayo Selbe ba irin hawa da saukar da ka saba gani tsakanin Ashaka da Gombe ba ne, kwana ne a kan kwana ga rami a gefe. Giyar da za ka hau da ita da ita za ka sauko, ko ma ƙasa da ita in kana da kaya, kuma tun a sama za ka saka ta, in mota ta riga ta ɗau gudu giya ba za ta shiga ba. Kar ka kuskura ka sa firi, wato ka cire giya ka bar mota ta gangara, wai kana tattalin mai. In ka ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa, duram, ƙarfen cikin taya da birki ke kamawa, yana ɗaukar zafi ya buɗe, lainin birkin ya ƙone, ka taka ka ji ba komai, kuma in kana ta famfa shi iska ce ke ƙarewa a tanki. Ka tabbata birkin inji na motar, wanda ke rage gudu da injin ba sai ka taka birki ba, yana aiki, da yawa an cire an yar, ka duba agogon iska, ka riƙa zubar da ruwan tankin iska kullum da safe, in ka ji tsiii a wani tiyo kar ka ce sai mun dawo. In duram ya yi zafi ka faka ka sa weji ya huce da kansa, watsa mishi ruwa na iya tsaga shi.

Sannan mota mai gungume nauyinta a sama yake, kwanar da kake sha da siminti lafiya lau wannan sai ta kwanta. Tayoyi ka duba lambobi huɗun nan na gefe, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, 'yan Road Safety na cewa ta wuce shekara 4 ta mutu ko da zanenta na nan. A gaba dai kar ka yarda da tsohuwar taya.

Maman Hanifa:
Sannu ɗan uwa, Allah ya zaɓa maka mafi alheri. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a kudancin Gombe, abin da nake so in ƙara maciji ne, don ban ga an ambata ba. Itacen da aka yanka aka tara a daji ya kwana biyu, ƙarƙashinsa da kogonsa wajen ɓuyan maciji da kunama ne, wani ma har cikin mota ake loda shi. Kububuwa ta fi yi mana ɓarna a yankin nan, ƙarama ce kuma kalar ƙasa gare ta, dafinta hana jini daskarewa yake, mutum ya ga kamar ba komai sai dasashi ya fara jini ko fitsari ya canja. Kar ka zura hannu ƙarƙashin gungume, kar ka yi yawo da silifas a wajen lodi, ka samu takalmi mai rufe idon sawu da safar hannu mai kauri da tocila. In tsautsayi ya faɗa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau da roba, a cire zobe ko agogo, a hana wurin motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti nan take. Asibitin masu saran maciji na Kaltungo a kan hanyarku yake, ku riƙe wannan. Jinkirin da ake yi wajen mai magani a ƙauye shi ke kawo mana mutane jini ya riga ya zuba.

Sai allurar tetanus, ka je a maka, aikin sarƙa da tsatsa ba ya rabuwa da yanka. Ka tafi da gidan sauro don kwanan daji. Ruwa kuma ka sha sosai musamman Maris da Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, ƙoda ba ta son ƙishi. Ka auna hawan jini da ido kafin ka fara. Kuma dan Allah in za ka sauko daga kan mota ka juyo ka riƙe da hannu ka taka matakala, tsallen nan da direbobi ke yi shi ke cin gwiwa da baya a hankali. Maganar tramol da haɗe-haɗen shayi don hana barci kuwa, idonka zai buɗe amma ƙwaƙwalwa ta riga ta kwanta, wani ma farfaɗiya yake jawo mishi yana kan sitiyari. Barci ba shi da magani sai barci.

Ɗan Muda Lawal:
Ni ɗan kasuwar katako ne a Bauchi kuma ina da mota, to bari in faɗi namu ɓangaren don kar a ga kamar masu kaya ne kaɗai ke tura mutane. Wlh sau da yawa direba ne da kansa ke cewa a ƙara, don in an biya shi kan tirip yana so ya ɗora nashi na gefe ya sayar, ko ya ɗebi fasinja a ƙauye ya zaunar da su a saman itace, wanda wannan shi ne mafi muni, mota ta karkata kaɗan ba mai tsira. Amma na yarda akwai masu motar da in ka ce taya sai su ce ka lallaɓa. Shawarata ku zauna gaban shugabannin ƙungiyarku, ƙungiyar direbobi ta NURTW ce ko wacce kake ciki, a rubuta: wa ke sayen taya da sarƙa, wa ke biyan asibiti in an ji rauni kai ko yaron mota, kuma in ka ce lodi ya isa to ya isa. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 da hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da ita, mai aiki ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa, ka tambayi Alhajin ko ya yi rajista, in bai yi ba rubutun nan shi ne madogararka.

Abu na biyu takardu. Ka ga takardar gandun daji da idonka kafin ka tayar da mota. Madobiya da suke ce wa madrid a Taraba tun 2017 ta shiga jerin itatuwan da aka sa wa ido a cinikin duniya saboda yadda aka yi ta kwasarta zuwa Sin, kuma gandun namun daji irin Gashaka Gumti da Yankari da Lame-Burra ba a yanka a ciki sam. Abin da ya sa na kawo wannan a maganar lafiya, kaya marar takarda shi ke sa a ce maka ka tashi da tsakar dare ka bi ta barauniyar hanya ka kashe fitila, ga ramuka ga kwalbatin da ba a gina don tirela ba ga masu garkuwa da mutane, in an kama kuma kai ne a hannu ba mai kaya ba.

Direban Bajoga:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na je na duba motar da yamman nan, garkuwar bayan kai tana nan amma turaku biyu na hagu an musu walda ta tsage, sarƙa kuma guda uku ce kacal, birkin inji kuma, Usta, sai gobe za mu gwada. Na faɗa wa Alhaji ba zan tashi ba sai an gyara kuma a yi rubutu a ofishin ƙungiya, ya ce ba damuwa. Saura abu ɗaya, damina ta kusa, ana shiga dajin da ruwa ko tsayawa ake?

Baba Mai Roka:
Ana shiga amma ba ko'ina ba, kuma tafiyar farko kar ka yi ta kai kaɗai, ka bi wani tsohon hannu ko ka ɗauki yaron mota ɗan yankin. In an yi ruwa da dare ka jira rana ta busar da hanya, ƙasar can in ta jiƙe santsi gare ta, mota mai kaya tana zamewa ta gefe ko kana tafiya a hankali. Rafi ko gadar katako ka sauka ka taka da ƙafa ka gani tukuna, in ruwa na gudu ka haƙura. In kun kafe aka zo ja da wata mota ko tarakta, kowa ya matsa nesa fiye da tsawon sarƙar, don in ta tsinke dawowa take da ƙarfi, kuma kar kowa ya shiga ƙarƙashi a kan jak kaɗai a cikin laka. Ka ɗaura jan ƙyalle a bakin itacen da ya leƙo baya, ka kula da wayoyin wuta a ƙauyuka in lodi ya yi tsayi. Sabis yana ɗaukewa a ciki, don haka ka faɗa wa gida da mai mota inda ka shiga da lokacin da ya kamata ka fito, lambar Road Safety ta gaggawa kuma 122 ce, ka sa a waya. Sarƙa uku ba ta isa ba, ka ce ya ƙaro uku da ta ko-ta-kwana.