Neman kalmar Hausa: me za mu kira hitch na jan tirela?

Salamu alaikum 'yan uwa. Kalmar da nake so mu tsayar da magana a kanta yau ita ce hitch, wato ƙarfen nan da ake ɗaurewa a ƙasan bayan mota wanda yake haɗa ta da abinda take ja. Ba babbar tirelar kaya nake nufi ba, ƙaramar nan mai ɗaki da gado da kicin a ciki wadda ake ja da jif ko a-kori-kura, irin wadda ta yi yawa a Amurka da Ingila. Ita kam bata bamu wahala ba, tirelar tafi-da-gidanka ya zauna mata daram. Ƙarfen ne ya rage.

Da aka nemi sunan da za a ba shi da Hausa, da yawa sun ce ƙugiya, wani ya ce maɗauri, wani babban yayanmu kuma ya ce a bar shi a janwe kawai. Yaya, janwe ai ita ce motar da take zuwa ta ja wadda ta lalace, in muka ɗora mata wannan ma za a rikice. Maɗauri kuma igiya yake kawowa a rai. Ƙugiya ce nake so mu ɗan tsaya a kanta sabida ita ce ta fi samun goyon baya, kuma gaskiya ni ban yarda da ita ba.

Dalilina shine, wanda ya ji ƙugiya zai ɗauka aikin abin ja ne kawai, ka maƙala ka tafi, alhali rabin aikinsa ɗaukar nauyi ne. A bakin ƙarfen akwai wani dunƙulallen ƙwallo, wuyan tirelar yana da baki kaman kofi da yake kifewa a kan ƙwallon a kulle shi, toh a nan tirelar take danna wani kaso na nauyinta ƙasa, a nan kuma take juyawa in an zo kwana. Wannan dannawar ita ce maganar gaba ɗaya. A Amurka ƙa'idar da ake bi ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirelar da kayanta ya sauka a kan ƙwallon, wato in kilo 2,000 ce, tsakanin 200 da 300 kenan. A Ingila sun fi bin kashi 5 zuwa 7 dan ginin tirelolin nasu ya bambanta. In nauyin ya yi kaɗan, misali an jibge kaya a bayan tayoyin tirelar, da an ɗan taka totur ko iska ta bugo ko babbar mota ta wuce sai ta fara kaɗawa hagu da dama tana jan bayan motar, kuma kaɗawar ƙaruwa take yi ba raguwa ba. In kuma ya yi yawa sai bayan motar ya durƙusa, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sakayau a hannu, birki ya rage kamawa, fitilu su koma haska idon masu tahowa.

Shi yasa nake ganin mahaɗin ja ya fi. Mahaɗi ya nuna guri ne da abu biyu suka gamu suna motsi tare, ja kuma ya faɗi aikin, kuma yana karɓar ƙari ba tare da ya yi nauyi a baki ba. Ku gwada: ƙwallon mahaɗi, bakin mahaɗi, nauyin kan ƙwallo. Ita kaɗawar nan kuma tangaɗi nake ce mata, duk direba zai gane.

Inda sunan ya fi yi min daɗi ma shine wajen nau'in da ake sawa manyan tireloli, mahaɗi mai raba nauyi. Yana da sandunan sifirin guda biyu da suke fitowa daga ƙarƙashin ƙwallon su kama wuyan tirelar, in aka ɗaure su sai su yi kaman mutum ya ɗaga hannuwan baro, nauyi ya koma kan tayoyin gaba na motar, wani kuma ya koma kan tayoyin tirelar. Yanda ake saita shi: a fili mai shafe, ka auna tsayin gaban motar daga ƙasa zuwa bakin fenda kafin ka haɗa, ka sake aunawa bayan ka haɗa, sannan ka ja sandunan har gaban ya dawo kusa da inda yake, gwargwadon yanda littafin motar ya ce. Tirelar ta tsaya daidai ko hancinta ya ɗan sunkuya kaɗan, kar dai ya ɗaga sama. Amma fa dan Allah a lura, raba nauyi yake yi, baya ƙara wa motar ƙarfin jan abinda ya fi ƙarfinta.

Wani ɗan uwa ya tambaya ko ƙwallon duk ɗaya ne. A'a malam. A Turai milimita 50 ne, a Amurka akwai inci 1 7/8 da inci 2 da inci 2 5/16, kuma ƙaramin ƙwallo yana shiga babban baki har ya yi kaman ya kulle, sai an faɗa rami ya fice. Girman yana rubuce a jikin ƙarfen, a duba. Sarƙoƙin tsaro guda biyu da suke haɗa wuyan tirelar da motar kuma a gitta su ta ƙarƙashin wuyan, in mahaɗin ya saki su tare shi kar ya caki kwalta.

Saura guda ɗaya da ban gamsu da nawa ba, na'urar da take danne tangaɗin ta hanyar gogayyar ƙarfe. Na rubuta maganin tangaɗi, wani ya ce birkin tangaɗi, amma ina tsoron kar a ji birki a ɗauka in tirela ta fara tangaɗi birkin mota za a danna, alhali ɗage ƙafa ake yi daga totur a riƙe sitiyari a miƙe, in akwai maɓallin birkin tirelar a matsa shi da hannu. Direbobi da makanikai da suke cikinmu, wanne ya fi zama a bakinku?