Farin ruwa da ciwon ciki: in bi tsohon littafi ko in je gwaji?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau sati uku ke nan ina ganin farin ruwa mai ƙarni, babu ƙaiƙayi ko kaɗan, ga ciwon mara, ga zafi a ƙahon zuci in na jima ban ci abinci ba. Gwaggona ta kawo min wani tsohon littafin magungunan gida na kakanmu. A ciki an ce duk daga mahaifa ne, a riƙa wanke cikin gaba da ruwan alimun safe da yamma. Ta ce su da shi suka rayu. Ni kuma shayarwa nake. In gwada na sati ɗaya, ko in wuce asibiti?

Amarya:
Wa'alaikumussalam. Ki nemi clotrimazole na matsawa, ni kwana uku ƙaiƙayin ya bar ni.

Maman Biyu:
Na gode, amma ai na ce ba na ƙaiƙayi.

Anti Ungozoma:
Ƙanwata, mai littafin ba ƙarya ya shirya ba, iyakar sanin zamaninsa ke nan. Takardar Kahun ta tsohuwar Masar, wadda aka rubuta wajen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa, har ciwon ido da na haƙori mahaifa take ɗora wa, magani kuwa a turara mace da hayaƙi. Sai a 1836 Alfred Donné ya ga ƙwayar trichomonas, ɗaya daga cikin masu kawo farin ruwa, a madubin likita a Faransa, a 1879 Neisser ya gano mai kawo ciwon sanyi, a 1892 kuma Döderlein ya nuna akwai ƙwayoyi masu amfani da ke gadin wurin. Wankin ciki su yake fara kwashewa. Alimun tsuke fata kawai yake, ruwan ya ragu, cutar tana nan. Zafin ƙahon zucin ma ki sa a duba shi daban, ya fi kama da gyambon ciki. Ruwa da ciwon mara tare ba abin jira ba ne. Ki gaya musu kina shayarwa.

Uwargida Mai Haƙuri:
Maman Biyu, don Allah ki ji nawa. Shekara biyu ina zama cikin ruwan permanganate, wannan mai launin shunayya, saboda wata dattijuwa ta ce da shi ake yi a asibiti a zamaninsu. Ruwan ya ɗauke, ya dawo, ya ɗauke, ya dawo. Marata tana ciwo, ana ce min sanyi ne, kowace mace da nata. Da na samu ciki, ashe a hanyar ƙwai ya zauna. Tsakar dare aka kwashe ni ban san inda kaina yake ba. Aka yi aiki, aka cire hanya ɗaya. Likitar ta ce tsohuwar cuta ce ta hau sama ta bar tabo. Yau shekara shida ko ɓatan wata ban sake yi ba. Ba haihuwar ce kaɗai ke cin raina ba, yadda na yi ta faɗa ina jin ciwo aka rasa mai cewa tashi mu je.

Amarya:
Innalillahi. Allah ya ba ki masu albarka, Yaya.

Hajiya Babba:
Amin. Amma a daina zagin maganin iyaye. Mu tara mahaifiyarmu ta haifa, ba ta taɓa sanin wani gwaji ba. Kuma gwajin nan kuɗinsa ya ninka na magani sau uku.

'Yar Makaranta:
Hajiya, ni da na yi, kuɗin gwajin bai kai na Flagyl ɗin da aka rubuta min ba.

Uwargida Mai Haƙuri:
Ni kyauta aka yi min, bayan aikin gama ya gama.

Hajiya Babba:
'Yar nan, shekarunki nawa da aure da za ki gyara min magana? Ita ma ungozomar ai ba likita ba ce.

Anti Ungozoma:
Gaskiya ne Hajiya, shi ya sa ban rubuta mata magani ba. Kuma ba iyayenmu kaɗai ba, a Amurka an yi shekaru ana tallata wa mata Lysol, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, wai na wankin gaba, wasu suka ƙone. Metronidazole, wato Flagyl, maganin trichomonas, sai wajen 1960 ya fito. Wadda ta riga shi me za ta yi in ba alimun ba?

'Yar Makaranta:
Ashe Gwaggon Maman Biyu ajinsu ɗaya da likitocin Fir'auna 😂

Maman Biyu:
Kai, ki bar min Gwaggona. To wai wane gwajin zan ce a yi min?

Amarya:
Ni abin da ya fi damuna maza. Ƙawata sau uku tana shan magani tana warkewa, likita ya ce trichomonas ne, dole mijin ma ya sha. Ya ce shi lafiyarsa lau, ciwon mata ne.

Uwargida Mai Haƙuri:
Nawa takardar maganin ya yaga a gabana. Yanzu kuma danginsa ni suke kallo.

Hajiya Babba:
Wannan kam na yarda da ku. Ta yaya ma mace za ta fara faɗa wa miji ba tare da ya ce zarginsa take ba?