Musayar waƙa: hoton fuska ko na fili?

Mai Hoton Dala: Salam 'yan uwa, jiya na hau Dala na ɗauko Kano cikin hunturu, ga baitina:
Na hau Dala da sanyin safiya,
Hazo ya lulluɓe birni gaba ɗaya,
Rana ja tamkar garwashin suya,
Na kama ta tun ba ta kai tsakiya.

'Yar Damagaram:
Ka ɗauko ƙura ka kira ta gari,
Ba fuska ba kwalli ba gyaran ɗauri,
Seydou Keïta a Bamako tun fari,
Zanen gado ya rataya ya yi tasiri.
Wallahi ku nemi hotunansa, tsohon mai ɗaukar hoto ne na ƙasar Mali, 1948 ya buɗe shago, a tsakar gida yake ɗauka da hasken rana, ya ba mutum rediyo ko ya jingina shi da babur, zanen baya da atamfar mace su haɗu kamar tare aka saƙa su.

Baban Kyamara: Allah ya ƙara basira Hajiya, kin gama magana!

Mai Hoton Dala: Baba kai kullum kana bayanta. Hajiya karɓi:
Ke dai zaunar da mutum a kujera,
Ɗago haɓa, yi murmushi, ki gyara,
Dutse ba a ce masa matso sai jira,
Ina tsaye cikin sanyi har haske ya faɗo daidai inda na tsara.

Ɗalibin Aruli: Malam ɗango na huɗu ya yi tsawo, kari ya karye, kusan ninkin sauran ne.

Mai Hoton Dala: Amsa-amo dai ya zauna ko?

Ɗalibin Aruli: Amsa-amo daban kari daban, rera shi da baki ka ji inda numfashi zai yanke.

Baban Kyamara: Na Hajiya ma ka auna mana, a yi adalci.

Jikan Marini: Na makara, network ne.
Ku bar gardama ku zo Ƙofar Mata,
Na ɗau hannun tsoho a bakin marinata,
Shuni ya shige farce da duk tsagar fata,
Ramuka na jere a baya, rana na haskata.
Allon wurin ya ce tun 1498 ake rini a nan. Durƙusawa na yi ƙasa sosai, hannun ya cika gaba, ramukan suka ɗan dushe a baya.

'Yar Damagaram: Kai masha Allah, turo shi mu gani. Da ƙarfe nawa ka ɗauka, shunin bai koma baƙi ba?