Tokarin ƙarfe mai kube: ya isa a saka shi a kwamfuta kamar kowane tokari?

Ɗan bautar ƙasa: Salamu alaikum iyayena. Ina gwada lissafin bene mai hawa shida na ƙarfe a nan Bauchi, da tokarin nan da ake zura ƙarfensa cikin kube a cika da kwaɓin siminti don kada ya lanƙwashe. Ogana ya ce a ETABS, manhajar lissafin gini, in saka faɗin ƙarfen ciki kawai, in kashe binciken lanƙwasa, magana ta ƙare. Haka ne?

Dattijon injiniya: Wa alaikumus salam. Oganka bai yi ƙarya ba, yaro. Kuben ba ya ɗaukar lodi, akwai shimfiɗa tsakaninsa da ƙarfen ciki da ke barin ƙarfen ya zame. Abin da ba ya ɗaukar lodi me zai kai shi cikin lissafi?

Malamar jami'a: Baba, a gafarce ni, ban yarda ba. Batun kube kun yi daidai, amma kun bar batun tauri. Ba duk tsawon tokarin ne siriri ba. Bakinsa biyu sun fi kauri, ga farantin haɗi, ga wurin da ya shige cikin bim da ginshiƙi. A ce daga mahaɗa zuwa mahaɗa mita 6 ne, sashen da ke miƙewa mita 4. In bakunan ba sa motsi ko kaɗan, taurin gaskiya ya ninka na kwamfuta sau 1.5. A aikace bai kai haka ba, amma ba 1 ba ne. Wanda ya manta da wannan, kwamfuta za ta nuna masa gini mai laushi da jinkirin lilo, ta rage masa ƙarfin girgizar da zai yi wa tanadi.

Dattijon injiniya: 'Yata, wace girgiza? Shekara talatin ina aiki tsakanin Bauchi da Gombe, iska ce ke kwashe mana rufi. Kin manta guguwar ƙaramar Sallar 2018? A Japan aka ƙirƙiro abin nan, Amurka ta fara amfani da shi a 1999. Su ƙasa ke motsa musu.

Malamar jami'a: Ban manta ba, Baba. Amma a Satumbar shekarar ƙasa ta motsa a Mpape ta Abuja, a 2016 kuma a Kwoi ta jihar Kaduna. Cibiyar da ke sa ido kan girgizar ƙasa ma a Toro take, jiharmu. Kuma ko iskar ce kaɗai, karkatar ginin daga tauri take fitowa.

Mai ƙera ƙarfe: Ni damuwata mahaɗa ce, don ni ake kawo wa zane. Tokarin gama-gari yana lanƙwashewa ya huta. Wannan ba ya hutawa, duk abin da ya ɗauka sai ya sauke wa waldata.

Malamar jami'a: Madalla, Malam, nan ne ma babban haɗarin. Bayan ƙarfen ciki ya fara sallamawa, wato ya miƙe ko ya matse ba ya komawa yadda yake, ƙarfinsa ƙaruwa yake yi, kuma a matsi ya fi a ja, saboda gugar kube. Shi ya sa ƙa'idar AISC 341, ta Amurka kan ginin ƙarfe a girgizar ƙasa, tun bugun 2005, ta ce a tsara ginshiƙi da farantin haɗi da wannan ƙarin. Misali, ƙarfen da ke sallamawa a kilonutan 1000, in gwaji ya ba da ninkin 1.4 na ƙaruwar ƙarfi da 1.1 na matsi, tokarin zai sauke wa mahaɗa da ginshiƙi 1540. Lissafin da oga ya ba shi ba zai taɓa nuna wannan ba.

Dattijon injiniya: Na karɓi ta ginshiƙi. Amma har yanzu ina kan bakana: a ƙarƙashin iska bai kamata ƙarfen ya kai ga sallamawa ba, to me aka saya da kuɗin waje?

Ɗan bautar ƙasa: To Malama, waɗannan alƙaluman a ina zan samo su?

Malamar jami'a: Wurin kamfanin da ya ƙera tokarin, daga sakamakon gwajinsa, ƙanena. Kada ka ɗauki nawa, misali ne. Ka gudanar da samfurin sau biyu, da gyaran tauri da babu, ka turo mana karkatar kowane hawa mu gani tare da Baba.