Shin lissafin na'ura zai kawo ƙarshen fita duban wata?

Injiniya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Gobe 29 ga Sha'aban, za mu sake zaman jiran sanarwa har dare ya yi nisa. Ga abin da na daɗe ina riƙe da shi a raina, kuma a shirye nake a yi mini gyara: nan da shekara ashirin babu sauran mai fita duban wata. Wayar da ke aljihun ɗan sakandare ta san lokacin da za a haifi kowane wata na shekaru masu yawa nan gaba. Tsakanin haihuwar wata da ta mai bi masa, a matsakaici, kwana 29 ne da awa 12 da minti 44, kuma Allah da kansa ya ce rana da wata da lissafi suke tafiya. Turkiyya ta daɗe tana bin lissafi. Majalisar Fiƙihu ta Arewacin Amurka ta koma kansa a 2006. Ƙungiyar Muhammadiyya ta Indunusiya, mai miliyoyin mabiya, tun kafin azumi ya kama take faɗin ranar Sallah. A 2016 an yi babban taro a Istanbul kan kalandar Hijira guda ɗaya. Can duniya ta dosa, mu ma can za mu.

Baba Ladan: Wa alaikumus salam. Ɗana, Manzon Allah (SAW) cewa ya yi ku yi azumi don ganinsa, ku sha ruwa don ganinsa, idan an lulluɓe muku shi ku cika Sha'aban talatin. Yana cikin Buhari da Muslim. Ka lura, har da ranar da gajimare zai tare shi an gaya mana abin yi, alhali watan yana nan bayan gajimaren. Kuma a Muhtasar da muka karanta a zaure, inda Shehu Halilu ya lissafa abin da Ramadan ke tabbata da shi, ya kore maganar mai lissafin taurari da kalma biyu: la bi munajjim. Ni a nan na tsaya.

Injiniya: Allah ya ƙara girma, Baba. Tambaya ɗaya nake da ita, kuma wallahi don neman sani ne. Yau da ka kira azahar, inuwa ka auna ko agogo ka duba? Jadawalin da ke manne a bangon masallacinmu, wanda muke sahur da buɗa-baki da shi, ai lissafin falaki ne tsagwaronsa. Me ya sa muka amince masa sau biyar kullum, muka ƙi amince masa sau biyu a shekara?

Malamar Islamiyya: Yaya Injiniya, an riga ka yin wannan tambayar da ƙarni bakwai, kuma malamin Malikiyya ne ya amsa ta, Imam Al-Ƙarafi na Masar, a littafinsa Al-Furuƙ. Ya ce a salla, abin da shari'a ta rataya hukunci a kansa shi ne shigar lokacin kansa. Rana ta karkata, azahar ta wajaba, ko ta wace hanya ka sani, inuwa ce ko lissafi. A azumi kuwa da gani aka ɗaure hukuncin, ba da kasancewar jinjirin wata a sama ba. Wata na iya tsayawa, ba a gan shi ba, kuma babu laifi a kan kowa. To ka ga ko lissafinka bai taɓa kuskure ba, tambayar da yake amsawa daban, wadda shari'a ta yi daban.

Injiniya: Na ji, Malama, kuma na ƙaru. Amma akwai ɗayan hadisin, inda Annabi (SAW) ya ce mu al'umma ce ummiyya, ba ma rubutu ba ma lissafi, wata kaza ne da kaza, wato 29 ko 30. Shaihu Ahmad Shakir, wanda babu mai ce masa baƙo a ilmin hadisi, ya rubuta risala a 1939 yana cewa wannan shi ne dalilin da aka ce a dogara da gani. Idan al'umma ta iya lissafi, dalilin ya gushe, sai a koma ga abin da ya fi yaƙini. Ba maganar 'yan boko ba ce kawai.

Malamar Islamiyya: Gaskiya ne ya faɗa. Gaskiya ne kuma mafi yawan malamai, a zamaninsa da bayansa, ba su bi shi ba.

Ɗan Maraɗi: Ku bar ni in faɗi abin da ya same ni, don ni abin nan a jikina na ji shi. Ƙaramar Sallar 2024. Ina Katsina da iyalina, mahaifiyata tana Maraɗi, tsakaninmu kusan kilomita ɗari. Daren Litinin ta kira ni tana murna, an ce an ga wata, gobe Talata Sallah a Nijar. Mu kuma aka ce mu cika talatin, sai Laraba. Da safe aka kira ni da bidiyo daga tsakar gidanmu, ta sha lalle, ga tuwon Sallah a kwanon samira, jikoki na ta shige da fice da sababbin kaya. Ta ce, "Ka ci wani abu kuwa?" Na ce Inna, ina azumi. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Azumi ranar Idi?" Har yau in na tuna yadda muryarta ta sauya sai zuciyata ta karye. Sama ɗaya ce a kanmu, rana ɗaya ta faɗi mana kusan lokaci guda. Ni duk abin da zai hana ɗa da uwa raba Sallah ina goyon bayansa.

Injiniya: Ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Waccan Litinin ɗin, 8 ga Afrilu 2024, ita ce ranar da aka yi kusufin rana cikakke a Meziko da Amurka da Kanada, duniya duka ta kalla. Kusufin rana ba ya faruwa sai wata ya shiga tsakanin ƙasa da rana, wato daidai lokacin haihuwarsa. An haife shi wajen ƙarfe 7:20 na dare agogonmu, bayan rana ta riga ta faɗi a Sakkwato da Maraɗi da Yamai. Jinjirin wata kuwa ba ya bayyana ga ido sai ya nisanci rana da aƙalla digiri 7, kuma mafi ƙanƙantar wanda aka tabbatar an gani da ido zalla ya haura awa 15 da haihuwa. Ban ce kowa ya yi ƙarya ba. Na ce abin da aka gani a daren nan ba zai yiwu ya zama wata ba.

Baba Ladan: A nan ba zan yi maka gardama ba. Na fi shekara arba'in ina fita duba, na san ido yana ruɗar mai shi. Zara matar wata tana ruɗar mutane, siririn gajimare da jan rana ya taɓa yana ruɗarwa, farin layin da jirgin sama ke bari ma haka. Malamai na ba da labarin Anas ɗan Malik (RA), bayan ya tsufa tukuf, ya ce ga wata can, kowa ya duba bai gani ba, sai alƙali Iyas ɗan Mu'awiya ya lura da wani farin gashin gira da ya lanƙwaso masa kan ido, ya shafe shi, ya ce sake dubawa, ya ce yanzu ba na ganinsa. Sahabi ke nan. Shi ya sa ake tantance shaida, daga mai gari zuwa hakimi, zuwa sarki, har fadar Sarkin Musulmi, inda kwamiti ke tacewa kafin Mai Alfarma ya yi magana. In kun kawo lissafi ya taya alƙali gane shaidar da ba ta yiwuwa, ina maraba.

Malamar Islamiyya: Wannan ita ce matsayar Imam As-Subki na Shafi'iyya tun ƙarni na takwas na Hijira: idan lissafi ya yanke cewa gani ba zai yiwu ba, ba a karɓar shaida. Lissafi ya kore, ido ya tabbatar. Game da Inna kuma, Ɗan Maraɗi, ka tuna hadisin Kuraibu a Sahihu Muslim. An ga wata a Sham daren Juma'a, a Madina daren Asabar, Ibnu Abbas ya ce su za su ci gaba da azumi har su gani ko su cika talatin. Raba rana tsakanin garuruwa ya faru tun sahabbai suna raye.

Ɗan Maraɗi: Malama, tsakanin Sham da Madina tafiyar makonni ce a kan raƙumi. Tsakanina da Inna danna waya ne.

Hajiya Babba: Ni ina bayan Injiniya, kuma ku maza ba ku san dalili ba. Ku kuna zaune kuna jiran rediyo, mu ne muke tsaye da jiƙaƙƙiyar shinkafar waina ba mu san ko a kai markaɗe ko a bari ba. Wata shekara sanarwa ba ta zo ba sai da dare ya raba, mai injin markaɗe ya rufe, kaji ba a fige ba, kitson yara uku bai ƙare ba. Asuba ta same ni a bakin murhu, idona jawur, ban samu zuwa Idi ba. Wanda ke aiki a Legas ko Fatakwal ma ta yaya zai yanki tikitin mota bai san ranar ba? Addini sauƙi ne. In Allah ya ba bayinsa ilmin sanin ranar tun da wuri, ni ban ga abin gudu ba.

Auta: Ina neman afuwar manya, ni ne ƙarami a nan. Shekarata 23, kuma ban taɓa ganin jinjirin watan daren farko da idona ba, ko sau ɗaya. A waya nake ganin hotonsa. Waya ke tashe ni asuba, ita ke nuna mini alƙibla, a cikinta nake karatun Alƙur'ani. Kwanaki na yi mantuwa a salla, maimakon in tambayi liman sai na tambayi wata manhajar ƙirƙirarriyar basira, ta haɗa mini maganar mazhabobi wuri guda har na rasa ko ƙabli zan yi ko ba'adi. Abin da ke ba ni tsoro, Yaya Injiniya, shi ne kullum ana rage mana abin da za mu fita mu yi tare da mutane. A ƙidayar 2021 a Ingila da Wales, waɗanda suka ce su Kirista ne sun faɗo ƙasa da rabi karon farko, kashi 46 cikin ɗari, masu cewa ba su da addini suka kai kashi 37. Ina jin tsoron mu ma a hankali addini ya koma abin da mutum ke yi shi kaɗai a ɗaki da waya a hannu, daga nan kuma ya daina.

Injiniya: Auta, tsoronka na gaskiya ne, amma kada ka ɗora wa na'ura abin da ba ita kaɗai ta jawo ba. Kakanninmu a ƙafa suke tafiya Makka, ta Chadi da Sudan, wasu su shekara da shekaru a hanya, wasu su zauna can har yau zuriyarsu na nan. Jirgin sama ya zo, aikin Hajji bai mutu ba, sama da mutum miliyan 1.8 suka yi shi a 2024. Tafsirin Shaihu Abubakar Gumi a Rediyon Kaduna ya shiga ɗakunan matan da ba su taɓa zama gaban malami ba. Lasifikar da Baba ke kiran salla da ita ma na'ura ce.

Malamar Islamiyya: Jirgi yana kai ka Jidda ne, Yaya, tsayuwar Arfa kai za ka yi ta da ƙafarka. Abin da kake kira gare shi a nan ya wuce a kai mutum wurin ibada, so kake a ɗauke masa aikin gaba ɗaya. Lokacin da wani baƙauye ya zo ya ce ya ga watan Ramadan, abin da Annabi (SAW) ya fara tambayarsa shi ne ko ya shaida babu abin bautawa da gaskiya sai Allah, sannan ya ce Bilalu ya sanar. Shaida mutum ne ke bayar da ita, wanda zai tsaya gaban Allah a kanta. Ko Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da ta tashi jirage marasa matuƙa neman watan Ramadan a 2025, nema ta fita yi, ba ta ce a zauna a gida ba.

Injiniya: To amma in hoton na'ura ya zama gani, an gama ke nan. A 2013 wani Bafaranshe, Thierry Legault, ya ɗauki hoton wata da rana daidai lokacin haihuwarsa. In kun karɓi wannan kun karɓi lissafi da wani suna, in kun ƙi kuma sai ku gaya mini inda iyakar take tsakanin tabarau da na'urar hangen nesa da kyamara. Ni ina nan kan bakana, shekara ashirin.

Malamar Islamiyya: Iyakar tana da wuyar ja, na yarda. Wannan aikin majalisar malamai ne da masana falaki su zauna a kai tare, ba namu ba a zaure.

Hajiya Babba: Su dai zauna da wuri.

Baba Ladan: Auta, gobe in ka yi la'asar ka same ni a masallaci. Za mu fita bayan gari, ta yamma da makabarta, inda babu bene babu fitila. Ka riƙe wurin da rana ta nutse, kada ka ɗauke ido daga nan, ka duba sama da shi kaɗan. Siriri ne kamar yankan farce, kuma ba ya jimawa, in ka tsaya latsa waya zai faɗi. Ka haddace addu'ar kafin ka zo: Allahumma ahillahu alaina bil amni wal iman, was salamati wal Islam, Rabbi wa Rabbukallah. Injiniya, kai kuma ka turo mana ko zai tsaya dama da rana ko hagu, da minti nawa zai yi kafin ya faɗi. In hazo ya hana mu, mu cika talatin.

Auta: In sha Allah, Baba. Zan zo da ƙanina.