Me ya sa tashi ƙasa-ƙasa ya fi kisa?

Garba_Makanike: Assalamu alaikum. Jiya na karanta labarin Roy Halladay, tsohon ɗan wasan baseball na Amurka. Ranar 7 ga Nuwamba 2017 ƙaramin jirginsa ICON A5, mai sauka a kan ruwa, ya faɗi a gaɓar tekun Florida, ya mutu yana da shekara 40. An ce zurfin ruwan wurin bai kai ƙafa 5 ba. To ni a tunanina wanda ke kusa da ƙasa ai shi ya fi tsira. Ina masana?

Injiniya_Bala: Wa alaikumus salam, Malam Garba. Akasin haka ne. A sama, nisa daga ƙasa shi ne jarin matuƙi. In jirgi ya ɗaga hanci da yawa, gudunsa ya ragu, fukafukan sai su daina riƙe iska, ya sulmuyo. Wanda ke can sama zai dunƙufar da hancin, ya sake samun gudu, ya miƙe. Halladay kuwa har ƙafa 11 ya yi tsakaninsa da ruwa, yana cillawa sama yana dawowa. Ina filin gyara? Jirgin ma yana da lema ta gaggawa, ba a buɗe ta ba.

Maman_Hanif: Yallaɓai ka manta da magunguna. Binciken NTSB, hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, ya gano amphetamine da morphine da maganin barci a jininsa.

Garba_Makanike: Ashe! Hajiya, shi kaɗai ne a ciki?

Maman_Hanif: Shi kaɗai. Kuma jirgin bai kai wata guda a hannunsa ba.